Agogon da Ya Yi Gaba da Awa Uku

"Na ce kada a taɓa shi."

"Gyara na yi maka, ba ɓarna ba," in ji yayarsa, tsumman goge ƙura a hannunta. Ta ce abin kunya ne a shigo shagon mai gyaran agogo a tarar da agogo arba'in suna cewa ƙarfe biyu, ɗaya tilo yana cewa biyar. Wata bakwai tana haɗiye maganar, yau ta hau kujera ta juya shi.

Mai Agogo bai dube ta ba. Ba ya duban idon kowa. Ya dafa kantar shagon yana ɗan rangaji gaba da baya, yadda yake yi in abu ya bar mazauninsa. Yana ɗan shekara shida likita ya ce sunan abin otizim. Maƙwabta suka sa masa nasu sunan. Mahaifiyarsu ta ce ita ɗanta ta sani, ta saya masa ƙaramar sukudireba.

"Kai da kuskuren daƙiƙa ɗaya ke hana ka cin abinci," Yaya ta ce. "Me wannan ya fi sauran?"

"Nata ne."

"Na wa?"

Ƙararrawar ƙofa ta riga shi. Nas ce, da farar rigar aiki da takarda a ninke. Daga wata ƙasa mai nisa ta zo aiki a asibitin da ke ƙarshen titi. Ranar farko agogon mahaifinta ta kawo. Ya gyaru cikin kwana biyu, amma ba ta daina zuwa ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta zauna a kujerar da ke hagu da kantar, shi yana aiki, ita tana shan shayi. Ba ta iya harshen garin sosai ba balle ta yi kwana-kwana, abin da take nufi shi take faɗa. Ita kaɗai ce bai taɓa shan wahalar fahimta ba.

Amma a ƙasarsu, ta ce masa, namiji in yana so faɗa yake yi, ido cikin ido, har maƙwabta su gaji. Kwangilarta ta ƙare. Yau kafin ƙarfe huɗu za ta mayar da takardar: ko ta sa hannu ta ƙara shekara biyu, ko ta koma gida. Sau uku tana tambayarsa me yake so. Sau uku yana cewa ya kamata ta zaɓi abin da ya fi mata. Gaskiya ya faɗa. Bai gane me ya sa fuskarta take rufewa ba.

Ta gaishe da Yaya, ta ɗaga kai. "Af, maras lafiyar ya warke." Haka take kiran agogon, wai shi ne ya gagari gwani.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce, idonsa a kan kantar. "Lokacin garinku ne."

Sai maganar ta zubo masa a jere, kamar yana karanta ta. Makon farko ya ga tana lissafi da yatsu kafin ta kira mahaifiyarta. Sau biyu ta yi kuskure, ta kira tsohuwar tana tsakar barcin rana. Shi ya sa ya saita wannan agogon ya rataye shi daidai inda kujerarta ke kallo. Ya zaci ta sani. Wata na farko ba ya iya aiki sai ya juya masa baya, har kansa yake ji yana sarawa.

"Yanzu fa?" in ji ta.

"Yanzu in ba ya nan, shagon ba daidai yake ba."

Yaya ta kama goge wani gilashin da ta riga ta goge.

Ya jawo kujera ya hau, ya buɗe murfin, ya tura dogon hannun da yatsa ɗaya. Zagaye uku. Da ya sauko numfashinsa ya koma yadda yake.

Nas ta shimfiɗa takardar a kan kantar. Ta ce ya ara mata biro. Birukansa biyar ne, a jere bisa tsawo, ko Yaya ba ta isa ta ɗauka ba. Ya tsaya yana kallonsu. Ya zaro na tsakiya, ya miƙa mata, ya bar gurbin a buɗe.

Ta sa hannu. Ba ta nemi idonsa ba. Hannunta ta ajiye kusa da nasa, tazarar yatsa biyu, yadda ya taɓa ce mata yana iya ɗauka. Agogo arba'in da ɗaya suna ta aikinsu.

Yaya ta yarfe tsumman, ta dube su, ta dubi bango.

"To tunda tana nan, ku gaya mini: gobe in na zo shara, wanne ne ba daidai ba?"