Bakina da Ƙafar Hansatu

Ranar wata Laraba, bayan an idar da sallar azahar, na kishingiɗa a kan tabarmar masallacin unguwarmu, zuciyata a cunkushe. Ni Tanimu sana'ata magana ce. Sojan baka ne ni, irin waɗanda jam'iyya ke saya wa fili a rediyo su shiga su yi kaca-kaca da abokan hamayya. Da la'asar ɗin ranar ma ina da fili, zan sake caccakar tsarin inshorar lafiya da masu mulki suka kawo, in tallata namu na asusun zakka da wakafi. Amma abin da ke cina daban ne. Ƙanwata Hansatu tana da ciwon suga, gyambo ya kama mata ƙafa, likita ya ce in ba a dage da wanki da magani ba, sai an yanke ta. Mijinta kafinta ne, ƙarfinsa ya ƙare, nawa ma ya kusa. Ina cikin wannan saƙa da warwara barci ya sace ni.

Sai na gan ni a ƙofar wani birni mai dogayen baranda, ba rana ba inuwa, ko'ina warin magani. Aka dafa kafaɗata. Ina waiwayawa na ga Gwaggo Tasalla, ungozomar unguwarmu da ta rasu tun ina saurayi.

"Kai ɗan nema, har yanzu bakin nan bai gaji ba?" in ji ta. "Ni na yanke maka cibi, tun ranar na san za a sha surutu. Biyo ni, an ce in zaga da kai."

A barandar farko muka tarar da wani dogon benci, manyan mutane cikin manyan riguna sun jeru a kai, kowa da katin asibiti a hannu. Ana ta kiran sunaye, ba a kiran nasu. Da mutum ya matso kusa da ƙofar likita, sai bencin ya ƙara tsawo.

Na ce, "Gwaggo, su wane ne waɗannan?"

Ta ce, "Shugabannin da aka ba amanar asibitocin talakawa, su kuwa ko mura ta kama su sai jirgi. Ba a dukansu. An ce dai su ɗanɗana jira."

Muka wuce wani zaure inda mutane ke lasar leɓe saboda ƙishirwa. Ga randuna cike da ruwa a bayan wata 'yar taga suna kallo, amma duk wanda ya miƙa moɗa sai a ce masa, "Ya ƙare, je ka waje ka saya." Gwaggo ta ce waɗannan su ne ke gaya wa masu katin inshora magani ya ƙare, su kuma fitar da shi ta ƙofar baya su sayar.

Daga nan muka fito wani fili, na ji hayaniya irin ta zauren majalisa. Gadon asibiti ne a tsakiya, da majinyaci a kai yana nishi. Wasu sun kama kan gadon suna ja gabas, suna cewa, "Kowa ya zuba nasa kason, gwamnati ta cika!" Wasu sun kama ƙafafun suna ja yamma, suna cewa, "Talaka ba shi da abin zubawa, a tara zakka!" Gumi ya jiƙe su sharkaf, gado bai motsa ba, ga ɗakin likita nan a buɗe kusa da su.

Tausayi ya kama ni. Na ce, "Gwaggo, wallahi na san wasunsu, mutanen kirki ne, da gaske suke yi."

Ta yi ajiyar zuciya. "Na sani, shi ya sa ba ka ga wuta a nan ba. Kowace hanya suka bi, da bawan Allahn nan ya isa gaban likita. Abin da ya hana, kada a ce ɗaya ɓangaren ne ya yi. Za su yi ta ja har wani ya yarda ya bi bayan wani." Ta nuna mini wasu 'yan tsiraru a gindin bishiya suna shan iska, ta ce waɗancan sun taɓa mara wa abokan hamayya baya don majinyata, aka kore su daga jam'iyya, nan kuma aka ba su inuwa.

Sai muka shiga layinmu na sojojin baka. Na gane shi tun daga nesa, don ɗakuna ne irin na gidan rediyo. Kowane sojan baka yana zaune a kujerarsa, gabansa jama'a tsaye cirko-cirko, ba sa cewa komai, kallonsa kawai suke. In ya sunkuyar da kai sai a ɗago masa.

Na yi dariyar yaƙe. "Haba Gwaggo, mu ai sana'a ce, kowa ya sani. Ni da Barau, na masu mulki, muna gama zage-zagenmu muke fitowa mu ci tsire a faranti ɗaya."

Fuskarta ta canza. "Ku kun sani. Wanda ke kwance a ɗaka da rediyo a kunne, wa ya gaya masa?"

Ta ja ni zuwa wata kujera da ba kowa a kai. Jama'ar da ke gabanta sun fi na kowa yawa. A sahun farko na ga Hansatu, hannu ɗaya riƙe da 'yar rediyonta, ɗaya dogare da sanda. Zanenta na lilo a inda ƙafar dama ya kamata ta kasance. Inna lillahi!

Gwaggo ta ce, "Ranar da masu rajistar inshorar suka zo layinsu, maƙwabta sun fita. Ita ta ƙi. Ta ce Yayanta ya faɗa a rediyo damfara ce, Yayanta kuwa ba ya ƙarya."

Na ce cikin kuka, "To in daina faɗar aibin tsarin? Wallahi yana da aibi!"

"Faɗi aibinsa, ba wanda ya hana ka. Amma ka taɓa zuwa ka gani da idonka?"

Ban taɓa ba. Abin da aka ce in faɗa nake faɗa. Na kama zanenta na ce, "Gwaggo, an riga an yanke?"

"Mai rai in ya zo nan, abin da ke kan hanya ake nuna masa. Tashi."

Na farka a firgice, ladan yana kiran la'asar, rigata ta jiƙe, wayata na ta ruri daga gidan rediyo. Ban ɗauka ba. Na yi salla, na yi wa Allah alkawarin ba zan ƙara shiga fili da maganar da ban tabbatar ba, ko da jam'iyya za ta kore ni. Na hau babur sai gidan Hansatu.

Na same ta a tsakar gida, ta miƙe ƙafar a kan matashi. Ƙafar tana nan, alhamdu lillahi, sai dai ta kumbura suntum. Na ce, "Ɗauko mayafinki, za mu je a yi miki rajista."

Ta dube ni da mamaki. "Yaya, ba kai ka ce damfara ce ba? To wanne zan kama, na rediyo ko na yanzu?"

Na ce, "Kama na yanzu. Na rediyon biyana ake yi in faɗa."

Sai ta miƙo mini hannu in tashe ta, ta ce a hankali, "Ai da ka gaya mini, Yaya, tun ƙafar tana takuwa."