Tsagar da Ke Bayan Fenti

"Finishin kawai ya rage," in ji ɗan kwangila, yana kaɗa makullin mota.

Mai fenti ya tsufa a sana'ar nan, ya san abin da ake nufi da wannan kalmar Turanci a wurin gini. Ɗan gyare-gyaren ƙarshe ne: a kankare ɗigon siminti, a daidaita bakin taga, a shafe inda buroshi ya tsallake. Amma abin da ya tarar a ɗakin ƙasa na sabon benen ba aikin buroshi ba ne. Tsaga ce ta taso daga gindin ginshiƙi har silin. Da ya zura ɗan yatsa sai ya shige, yashi ya zubo masa a tafin hannu.

"Oga, wannan ya fi ƙarfin fenti."

"Ba komai ba ne, sabon gini ne ke daidaita zamansa. In ba za ka iya ba, masu neman aikin suna bakin ƙofa."

Mai fenti ya jawo kayan aikinsa. Ya kwaɓa fila, garin cike tsaga, ya cusa, ya goge, ya bi da fenti ruwan madara. Bango ya fito sumul kamar ɓawon ƙwai.

Ana gab da damina autarsa ta zo gaishe shi, goye da jaririnta, baki har kunne.

"Baba, mun tare a sabon benen nan, ɗakin ƙasa. Maigidana ya so ya kira magini ya duba mana, na ce kada ya wahalar da kansa. Bangon da hannun Babana ya taɓa, me za a duba?"