Ƙuri'ar da Lemuel Haskett Bai Kaɗa Ba

Lemuel Haskett lauya ne a garin Dunlow da ke bakin kogi, kafin mutanen yankin su tura shi majalisar wakilai a Washington. Ba mai yawan magana ba ne. Matarsa Orpha takan ce har yau ba ta gane yadda aka yi mutum mai nauyin baki irinsa ya ci abinci da aikin lauya ba. Abu ɗaya ya yi wa jama'a alkawari lokacin neman ƙuri'a, kuma shi ya yi ta maimaitawa daga kan akwatin tuffa da bayan keken doki: zai sa gwamnati ta yi musu jinga, wato katangar ƙasa da za ta tare ambaliyar kogin.

Duk shekara in ƙanƙara ta narke a kan tudu, kogin yakan cika ya hau unguwar gangare, inda ma'aikatan injin yanka katako suke zaune. Mata su kwashe katifu zuwa saman bene, maza su ɗaure kwale-kwale a ƙofar coci. A unguwar aka haifi Lemuel. Ya san warin laka a cikin ɗakin kwana, ya kuma san tarin da yara suke kwasa bayan ruwa ya janye.

A Washington ya kama ɗaki a gidan wata tsohuwa da ke saukar 'yan majalisa. A teburin cin abincinta ya haɗu da Kanar Silas Renfro, wakili daga Georgia, ɗan jam'iyyar da ke hamayya da tasa. Renfro bai taɓa jin ƙarar bindigar yaƙi ba, mutanen garinsu ne kawai suka laƙa masa kanar ɗin. Ƙato ne mai surutu, kuma a zauren majalisa ba abin da yake suka kamar zuba dukiyar ƙasa a cikin koguna. Amma a gida ba ya iya shan kofi sai ya ga Lemuel. Kwaɗon Dunlow yake ce masa.

"Kwaɗo," yakan ce yana shafa wa burodin masara man shanu, "ku kun je kun gina gida a kan gadon kogi, sannan ku ce gwamnati ta hana mai gado kwanciya?"

Lemuel sai ya yi murmushi ya ce gara kwaɗo da kanar ɗin da bai san ta ina ake riƙe takobi ba.

'Yan majalisa suna da wata al'ada da suke kira ɗaurin biyu. In tafiya ta kama wani, yakan nemi ɗan ɗaya ɓangaren ya yi masa alkawarin ba zai kaɗa ƙuri'a ba har ya dawo. Eh ɗaya ta fita, a'a ɗaya ta fita, ba wanda ya cutu. Ba doka ce ta ɗaure ka ba, bakinka ne. Wanda ya karya kuwa, ba mai sake miƙa masa hannu.

Wata safiya a tsakiyar sanyi aka kawo wa Renfro saƙo cewa jikin matarsa Lavinia ya yi tsanani. Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa ya kasa ko ɗaure igiyar takalminsa. Lemuel ne ya ɗaukar masa jaka har tashar jirgin ƙasa. A nan Renfro ya riƙe hannunsa ya roƙe shi su ɗaura, Lemuel ya amsa ba tare da ya yi tunani ba. A lokacin kowa ya san maganar jinga tana kwance a kwamiti, ba a sa ran ta tashi kafin bazara.

Sai ga shi manyan majalisa sun yi wani cinikinsu, aka jawo maganar gaba.

Orpha tana Washington a makon, ta zo ganinsa. Da ya faɗa mata, ta ajiye ɗinkin da ke hannunta ta ce ya je gidan waya yanzun nan ya buga wa Renfro tangaraho, ya nemi ya kwance shi. Ai ana yi, in ji ta, shi da kansa ya gaya mata ana yi.

Ya sa hula ya tafi. Ya tsaya a gaban kanta, aka miƙo masa takarda da fensir. Sai ya hango gidan nan a Georgia, an sauke labule, mutane suna takawa a hankali, a ƙwanƙwasa ƙofa a ce Kanar ya taso daga gefen gadon matarsa ya amsa maganar siyasa. Kuma wace magana? Jingar da Renfro ya shekara yana yi wa dariya. Zai zama kamar ya jira abokinsa ya shiga tsaka mai wuya ne ya zo cin riba. Kunya ta kama shi. Ya tuna kuma abokansa na jam'iyya sun ce masa kada ya damu, suna da rinjaye ko ba shi. Ya mayar da fensirin ya fito.

Da ya dawo Orpha ta dube shi sau ɗaya ta gane. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, "Lem, matar Kanar ba ita kaɗai ce mai rai ba."

Ranar ƙuri'a magatakarda ya shiga kiran sunaye. Da aka zo kan Haskett, Lemuel ya miƙe ya ce yana nan, amma ya ɗaura da wakilin Georgia, ba zai kaɗa ba. Ya zauna yana sauraren eh da a'a suna faɗowa. Wasu da suka yi masa alkawari ba su zo ba, wani kuma ya juya a wurin. Ƙuri'u suka zo kunnen doki, kuma a majalisa kunnen doki faɗuwa ce.

Akwai ɗan lokaci kafin shugaban majalisa ya buga guduma, wanda mutum zai iya tashi ya ce ya sake shawara. Na kusa da shi ya ja hannun kwat ɗinsa yana raɗa masa ya tashi, don Allah ya tashi. Lemuel ya dafa gwiwoyinsa kamar zai miƙe. Bai miƙe ba. Aka buga guduma.

Jaridar Dunlow ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce an kayar da jinga da ƙuri'a ɗaya, kuma wakilinsu yana zaune a zauren bai kaɗa ba. Da ya koma gida ya tara mutane a ɗakin taro na gari ya yi ƙoƙarin fahimtar da su ɗaurin biyu. Ya ce musu maganar mutunci ce. Suna ta kallonsa, huluna a kan cinya. Can sai Dell Crowder ya tashi, shugaban leburorin injin katako, wanda suka yi kamun kifi tare tun suna yara.

"Lem, ni ban yi karatu ba, ka yi mini a hankali. Ƙuri'ar nan da ka bayar, taka ce ko tamu?"

A zaɓen da ya biyo baya ko unguwar da aka haife shi bai kawo ba.

Ya koma ofishinsa na lauya a saman shagon sayar da ƙusa da fenti, yana shari'ar iyakar gona da rabon gado. Wanda ya gaje shi a majalisa bai damu da kogi ba. Ruwa ya ci gaba da zuwa, wata shekara ya tsaya a dokin ƙofa, wata shekara ya kai taga. Duk zuwansa Lemuel yakan naɗe wando ya shiga taya kwashe kaya. Ba a korarsa, ba a kuma gode masa. Daga baya masu injin katako suka gaji suka kwashe injinsu zuwa wani gari, mutane suka bi aikin.

Kansa ya yi fari fat lokacin da Renfro ya biyo ta Dunlow a hanyarsa ta zuwa wurin 'yarsa. Ya rame, yana dogara sanda, amma bakin na nan. Orpha ta yi musu kaza da dankali, suka fito baranda da kofi. Renfro ya ba shi labarin rasuwar Lavinia, ya ce bai ma san an yi ƙuri'ar ba sai bayan an binne ta. Sannan ya juyo ya dubi Lemuel.

"Kwaɗo, me ya hana ka buga mini waya?"

Lemuel ya ce bai ga dacewar ya dame shi a irin wannan lokaci ba, kuma ai ya san ra'ayinsa a kan jinga.

"Ra'ayina? Wannan na jaridun Georgia ne. Ni eh na yi niyyar kaɗa maka. Ɓoyewa na yi don in ga yadda fuskarka za ta yi in ka ji."

Daga kicin ƙarar wanke kwanuka ta tsaya. Lemuel ya dubi kofin da ke hannunsa ya daɗe. Da Renfro yana wurin, da ƙuri'a biyu za su samu. Da ya buga waya an kwance shi, ko tasa ɗayar ta isa. Ya ajiye kofin a hankali don kada ya zube, ya ce lokacin jirgi ya kusa.

Hanyar tasha ta gangare take bi. Lemuel ya ɗauke shi a keken doki, ya ja linzami suka shiga unguwar a hankali. Ciyawa ta fito a tsakar ɗakuna, ƙofofi a wangale, layin laka a jikin kowane bango. Renfro ya cire hularsa ya tambayi gidajen su wa ke nan.

Lemuel ya nuna na farko da bulala ya ce na Dell Crowder ne. Na gaba na mai ɗinkin takalma ne, wanda ya yi masa takalmin da ya fara zuwa majalisa da shi. Haka ya yi ta faɗa masa, gida bayan gida, har suka ji kukan jirgi daga nesa, bai gama ba.