Surin da ke Hanyar Gidan Fasto

Lola Insyang ta fizge wayar daga hannun jikarta, ta leƙa fuskar wayar. Ga wasu yara sun hau tsintsiya suna shawagi a sama, ɗaya na nuna sanda wuta na fita.

"Yesu ka taimake mu! Maita a gidana, rana tsaka?"

"Lola, fim ne fa," in ji Cherilyn. "Kowa a ajinmu ya kalla."

"Kowa ya faɗa rijiya sai ki bi shi? Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗauko takalminki."

Ta rufe ɗan shagonta da ke bakin kasuwar garinsu a Batangas, ta bar masu sayen sabulu da busasshen kifi suna mita. Wayar kuwa ta cusa ta cikin jaka, ƙarƙashin Littafi Mai Tsarki. Wurin Fasto Efren za ta kai ta, ya kulle a durowarsa har yarinyar ta yi hankali.

"Da ita nake ganin Mama!" Cherilyn ta biyo ta tana kuka. Uwarta na aikatau a Hong Kong, ran Lahadi kaɗai ake ba ta hutu ta kira. "Gobe za ta kira, wa zai ɗauka?"

"Uwarki ta haife ki, ta turo miki shaiɗan a kwali, ni kuma ta bar ni da ciwon kai. Wuce mu tafi, uwar baki."

Suka yanke ta bayan gonar ayaba, don ta nan ya fi kusa. A gindin wani tsohon itace akwai suri, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. Lola ta rage tafiya, ta sunkuyar da kai kamar yadda ta saba tun tana yarinya.

"Gafara dai, mai wuri, wucewa za mu yi."

Kukan Cherilyn ya tsaya cak.

"Lola, da wa kike magana?"

"Ba ruwanki."

"Da ɗan tsohon da aka ce yana zaune cikin surin?"

"Wannan ladabi ne, ba tsafi ba."

"Na fim ɗin dai na san ƙarya ne, da kwamfuta aka haɗa su. Ke naki na gaske ne? Fasto ya san da shi?"

Yaran yanzu ke nan, ba su iya dafa shinkafa ba amma sun iya tsare babba da tambaya. Ran Lola ya ɓaci.

"Ni da nake jagorantar addu'ar mata zan ji tsoron gara?"

"To koma baya, ki sake wucewa ba ki ce komai ba."

Lola ta koma baya kuwa, don ba a haifi jikar da za ta ƙure ta ba. Ta ɗaga ƙafa. Sai ta tuna yayanta Tasyo, wanda ya taɓa shurin suri da gangan, ƙafarsa ta kumbura kamar turmi. Ta sauke ƙafar. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa. Daga can tana jiyo 'yan waƙar majami'a suna gwaji, tana kuma jin idon yarinyar a bayanta. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

"Fasto ba ya gida yanzu," ta ce a ƙarshe. "Na tuna."

"Ga babur ɗinsa can."

"Na ce ba ya gida! Kuma fim ɗin nan, ba za ki ƙara kallonsa ke kaɗai ba. Ni zan riƙe wayar, in ga abin da suke koya miki, duk inda suka yi ƙarya in faɗa miki."

Ta juya ta kama hanyar shago. Da ta ba surin baya sai leɓɓanta suka motsa, a hankali ƙwarai.

Cherilyn ta ji sarai. Ta dubi jakar da wayar ke ciki, ta yi kamar ba ta ji ba, ta bi bayan kakarta.