Dawar da Ta Tare Dutse

"Ki yi haƙuri, Inna Batula, dawarki ta tare mai dutsi," in ji Rauda, tana tsaye a bakin dangata, ta kasa haɗa ido da ni.

Mahaifinta, Baba Maccido, maƙwabcina ne tun da aka kawo ni Kebbe. Ciwo ya kwantar da shi tun farkon damina. Daga ƙofar ɗakinsa ana hango dutsen da ke yamma da gari, inda ya ƙare ƙuruciyarsa yana kiwon shanu. Bana na shuka dawa a bayan gidana, ta yi tsawo ta rufe masa shi.

Gaskiya raina ya ɓaci. Dawar ta fara fid da kai, mijina ya rasu, da ita nake sa ran tuwon rani. Na yafa mayafi na shiga in ji daga bakinsa.

"Baba, dutsi dai? Gudu za shi yi?"

"Shi ba ya gudu, Batula. Ni ka tafiya."

Na dubi hannunsa a kan bargo, ya zama kamar kara. Na koma gida na ɗauko adda. Ina sara ina mita, ina jin kowane kara a ƙirjina, har na buɗe hanya mai faɗin ƙofa.

Ruwa bai daɗe da ɗaukewa ba. Muka jingina Baba Maccido da matashi, ni da Rauda. Gajimare ya sauko a kan dutsen, ya rufe shi, ya buɗe, ya sake rufewa, har na rasa ko dutsen ne ke motsi ko idona.

"Kin gani?" ya ce. "Ina yaro na ɗauka shi ba shi da ƙarshe. Ashe shi ma ɓacewa shika yi. Allah kaɗai ka zama."

Leɓensa na ta motsi. Can ya ɗaga yatsa.

"Ga shanuna nan sun gangaro, har da waɗanda sunka mutu shekarar fari. Rauda, buɗe musu."

Ni farin gajimare kawai na gani yana zubowa gangare. Amma Rauda ta tashi ta je ta ja ƙyauren gidan, ta dawo tana share ido da gefen zane.

Washegari bayan azahar ya cika, fuskarsa na kallon yamma.

Da kaka ta yi, rumbuna bai cika ba, na kuwa ji a jikina. Sauran dawar na girbe ta a makare, don na kasa rushe hanyar nan. Da la'asar nakan tsaya a cikinta, zangarniya ta sunkuyo dama da hagu. Dutsen na gabana. A bayana ƙofar ɗakinsa a buɗe, an fitar da gadon, rana ta kwanta a daɓe.