Zubin Dalma

Kofin gahawa ya suɓuce daga hannun Elvedin ya tarwatse a ƙasa. Nana Zumra ko kallon kofin ba ta yi ba, hannun jikanta ta zuba wa ido. Ya saki daga wuyan hannu, yana reto kamar tsumma.

"Ɗaga shi mu gani."

"Ya ƙi, Nana."

Yaro ɗan shekara sha shida, tun bazara yake fasa tsofaffin batura da gatari a filin maigidansa Refik, can bayan layin dogo, yana narka dalmar cikinsu. Da guminsa suke ci a gidan nan. Yanzu ga murɗar ciki, ga mantuwa, ga faɗa ba gaira ba dalili, dasashinsa ya yi baƙin layi.

"Matar asibiti ta ce dalma ce ta shiga jinina. Wai in daina taɓa ta."

"Ji shashanci. Tun ba a haifi uwarta ba nake yi wa mutanen garin nan na Zenica magani da dalma. Firgita ka yi, ɗan nema, ranar da batir ya fashe a gabanka. Tsoro ne ya zauna maka a jiki."

"Ke dai komai tsoro."

"Rufe min baki. Gobe ka zo min da guntun dalma mai kyau."

*

Refik bai hana shi dalmar ba. Har cewa ya yi a gaida tsohuwa, kuma yana jiran yaron ran Litinin.

Nana ta rufe tagogin kicin ruf, don iska na ɓata zubi. Ta zaunar da Elvedin gefen murhu, ta lulluɓe kansa da jan mayafi. Dalma ta narke a ludayin ƙarfe, hayaƙi ya turnuƙe ɗakin, bakinta ya yi wani zaƙi-zaƙi. Ta karanta addu'o'in da ta gada wurin uwarta, ta tuttula dalmar cikin kwanon ruwan da ta riƙe bisa kansa. Ƙarar ta sa ya zabura.

Ta tsamo ta, duk ƙayoyi tsini-tsini, alamar tsoro ke nan. Irin wannan tsoro a jikin yaro guda! Tausayi ya kama ta har hawaye, ita da ba ta da kowa a duniya sai shi.

"Kullum za mu riƙa yi, har ranar da za ta fito sumul."

Ta yaye mayafin, ta matso da kwanon, don magani ba ya cika sai an kurɓa. Elvedin ya dubi toka-tokar da ke yawo a ruwan, ya dubi jiƙaƙƙiyar fuskarta.

"Nana..."

"Daure, ɗan albarka. Don ni."

Ta tallafo ƙeyarsa, ya buɗe baki.