Golmon Ruwa

"Sai an cika bahon da ruwa, Baba," na ce. "In na liƙe shi haka, ranar da aka shiga nauyi zai ja shi ƙasa, ƙaron silikon ɗin ya tsage."

Baba Kefas, maƙwabcinmu, yana kan kujerar roba a ƙofar banɗaki, ƙafafunsa a kumbure. Tsohon soja ne. Tun suna bariki a Legas ya yi wa matarsa alkawarin baho irin na matan hafsoshi. Sai bana ɗansu Abel ya aiko da shi. An girka, an sa tayil, amma tsakanin baho da bango an bar tsaga, yatsa na shiga. Maman Abel ta ce ba za ta shiga ba, kar ruwa ya ci bango ya rufto mata. Dawa take zubawa a ciki.

Asibiti sun sallamo Baba, sun ce a je gida a yi ta addu'a. Kowa ya gane. Ni ya aika aka kira, don ina taɓa aikin tayil.

"Ruwa kuma, Lawwali? Famfon da rabonsa da zuwa tun damina?" Sai ya ɗaga murya kamar a fareti. "A kira mini samarin layin nan! Ni sai da na yi golmo, na yi wa ubanta noma har bayana ya ƙage, kafin a ba ni matar nan. Yau a yi mini golmon ruwa!"

"To wa za ka aura mana, Baba?" in ji Solomon mai kabu-kabu.

"Ja'iri. Fara koyon wanka tukuna."

Aka kwashe dawa. Jarka na shiga, jarka na fita, daga rijiyar masallaci, daga bohol ɗin coci. Solomon ya ɗauko waƙar noma da yaren C'lela, sauran suka amsa. Maman Abel na zaginmu mun jiƙa mata tsakar gida, tana dariya.

Da baho ya cika na goge tsagar ta bushe, na sa silikon a bindigarsa.

"Wannan ce bindiga? Ko ƙara ba ta yi," in ji Baba.

Na ja layi ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ce shi zai lallaɓe. Muka tallafe shi. Ya tsoma babban yatsa a ruwan omo ya bi layin a hankali, yana haki. A kusurwar ƙarshe yatsan ya zame, ya lotsa silikon.

"Ta shiga yanzu?"

"Sai gobe. Sai ya bushe."

"Gobe." Ya dube ni. "To, Allah ya kai mu."

Ba wanda ya yi dariya.

Allah kuwa ya kai mu. Da hantsi aka ƙara tafasasshen ruwa, Maman Abel ta shiga ta ja ƙofa. Shi yana waje kan kujerarsa, ni ina bakin zaure.

"Madam, yaya ruwan?"

"Tsohon nan, ka ƙyale ni!"

"Bango ya faɗo?"

Sai ƙarar ruwa da dariyarta. Ta daɗe ba ta fito ba.

Ran Alhamis da la'asar Baba ya cika, a kan kujerar nan.

Bayan an watse daga makoki na shiga duba aikin. Ko'ina ya kama. Na nuna wa Maman Abel kusurwar.

"Mama, in gyara nan?"

"Bar shi."

Ba ta daɗe da fitowa wanka ba. Ɗigon ruwa ɗaya na zaune a cikin shatin yatsan.